Amsa kan maganin hawan jinin ido da ake dasawa a cikin ido

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Kin ce ta gaji da ɗiga maganin hawan jinin ido safe da dare, kuma kin ji wai akwai wanda ake sakawa sau ɗaya ya daɗe yana aiki, shin gaskiya ne, ko za ta huta da kwalba. Shekara tara ke nan ina jinyar Baba da wannan ciwo a nan Kano, kuma ni ma na taɓa bin wannan zancen har na hana likitansa sakat.

Gaskiya ne, akwai su. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Durysta. Ɗan mitsitsin abu ne, bai kai ƙwayar gero ba, likita yake tura shi da siririyar allura zuwa gaban ido, yana narkewa a hankali yana sakin maganin bimatoprost na wajen wata uku zuwa huɗu, wasu kuma yakan fi haka daɗe musu. Sai dai sau ɗaya tak aka yarda a saka wa kowane ido, domin maimaitawa na cinye wasu ƙwayoyin halitta da ke bayan fatar nan mai haske ta gaban ido, su kuwa in sun tafi ba sa sake tohowa. A ƙarshen 2023 aka amince da iDose TR, ɗan bututun ƙarfen titaniyam da ake kafawa a kusurwar ido a ɗakin tiyata, yana tsiyayar da travoprost har zuwa shekara uku. Kuɗinsa da ya fito ya kusa dala dubu 14 a ido ɗaya, ban da kuɗin aiki. Ki buga da canjin Wapa na yau ki gani. Duk zirga-zirgarmu ta asibitocin ido, ba a taɓa yi mana tayin ko ɗaya ba, ban kuma haɗu da wanda aka saka wa a layin ganin likita ba.

Abin da ya sanyaya mini jiki shi ne da likitan ya ce maganin da ke cikinsu dangin latanoprost ne, wanda Baba ke ɗigawa da dare. Hanyar shigarsa ce kawai ta sauya. Ba ya dawo da ganin da ya tafi. Ruwan cikin ido ne yake ƙin fita yadda ya kamata, ya matse jijiyar gani, ta riƙa mutuwa daga gefe-gefe ba tare da ciwo ba, aikin magani duka shi ne ya sauke awon matsin ruwan idon, wanda a mai lafiya yake tsakanin 10 da 21.

Rashin ciwon nan ne ya cuce mu. Akwai shekarar da Baba ya ajiye kwalba wata biyu bai faɗa wa kowa ba, wai tunda ba ya jin komai me zai sa ya riƙa zubar da kuɗin 'ya'yansa. Sai da ya fara cin karo da butar alwala ta ɓarin hagu muka farga. Awon ya kai 34, idon hagun kuma har yau inuwa kawai yake gani. Don girman Allah kada Hajiya ta dakata da ɗigon saboda ana jiran wancan.

Da na zauna na kalli yadda yake ɗigawa, sai na gane rabin gajiyar daga nan take. Hannunsa na rawa, ɗigo uku na bin kunci su shige gemu kafin ɗaya ya faɗa ido, kwalbar wata guda ta ƙare a kwana goma sha takwas. Na karɓi aikin. Yana kwance, in ja fatar ƙasan ido, ɗigo ɗaya, ya rufe ido, in danne lungun da ke jikin hanci minti biyu don kada ya gangara maƙogwaro. In magani biyu ne, a bar minti biyar tsakani. Ɗayan maganin ɗigon Baba, timolol, bayan Asuba da bayan Magariba, latanoprost bayan Isha, ba ma duba agogo. Da azumi ma haka tsarin ya zauna daidai, sahur da buɗe-baki. Latanoprost ba ya son zafi, wanda ba a buɗe ba firji yake so, ga wutarmu kin san halinta, don haka a watan Afrilu cikin roba nake sa shi in tura shi cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa. In Hajiya na da asma ko bugun zuciyarta na yin ƙasa, ki tabbatar likita ya sani kafin timolol.

In hutu da kwalba kuke nema, abin da ya fi kusa da mu shi ne aikin hasken leza da ake kira SLT. Minti kaɗan ne, a zaune, ba yanka, yana buɗe magudanar ruwan. A wani babban gwaji a Ingila da aka fitar a 2019, kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka fara musu da shi ba su buƙaci ɗigo ba har shekara uku, wani gwajin a Tanzaniya kuma ya nuna ya fi timolol riƙe awo. Yakan saki bayan wasu shekaru, ana iya maimaitawa. In ciwon ya yi nisa kuwa, tiyatar buɗe wa ruwan sabuwar hanya ake yi, mutanenmu suna gudunta, amma ita ta riƙe wa Baba idon dama. Ki tambaya a asibitin Malam Aminu Kano, ko na ECWA da ke Sabon Gari, ko asibitin ido na Makka da ke nan Kano, wanne ya dace da irin nata.

Ranar da za ku je, ke ma ki yanki kati a auna ki, ki ja 'yan'uwanki duk wanda ya kai arba'in, domin abin na bin jini. Mu bakwai aka auna, aka samu Yayanmu da shi, yana tuƙa motarsa kullum zuwa Kantin Kwari bai sani ba.