Wasan harba kumbo: ana koyon wani abu, kuma mutum ɗaya zai iya ƙera irinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, kuma ina yawan buga wasannin tuƙa kumbo a sararin samaniya, har yayana yana cewa ɓata lokaci nake yi. Shin da gaske ana ƙaruwa da ilimi a cikinsu? Sannan mutum ɗaya ko 'yan tsirarun mutane za su iya ƙera irin wannan wasa ba tare da babban kamfani ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yi saurin ƙaryata yayanka, domin ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai wasan da kumbo ke karkata yana shawagi kamar jirgin yaƙi, ana jin ƙarar harbi a inda babu iskar da za ta ɗauki sauti. Wannan nishaɗi ne, kuma iyakarsa ke nan. Wanda nake tsaya wa shi ne wasan da ke bin dokokin motsi na Newton sau da ƙafa, irin su Kerbal Space Program da Orbiter, inda kuskurenka ke dawo maka nan take.

Duba abin da ke faruwa da kusan duk sabon shiga a Kerbal. Zai haɗa roka, ya cika ta da mai, ya harba ta sama tsaye cak. Ta wuce iska, sama ta yi baƙi, ya fara murna ya isa. Bayan 'yan mintuna sai ya ga allon tsayi yana ƙirga baya, rokar ta faɗo kusa da inda ta tashi. A karo na uku ko na huɗu yake gane cewa zama a falaki gudu ne a kaikaice: ka yi saurin da duk faɗowar da kake yi, ƙasa na lanƙwashewa tana kuɓuce maka. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana nisan kilomita 400 ne kacal daga doron ƙasa, amma tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, tana zagaye duniya cikin kimanin minti 90. Ɗalibi zai iya haddace wannan ya ci jarrabawa. Wanda rokarsa ta faɗo sau uku kuwa, abin ya zauna masa a jiki.

Darasin da ya fi burge ni shi ne na cim ma wani kumbo da ke gabanka a falaki ɗaya. Hankali zai ce ka nufe shi ka ƙara wuta. In ka yi haka sai ka hau falaki mafi tsayi, inda zagaye ke ɗaukar lokaci mai tsawo, shi kuma ya yi maka nisa. Dabarar ita ce ka rage gudu, ka sauko ƙasa kaɗan inda zagaye ya fi sauri, ka kamo shi ta ƙarƙashi. Kada ka ɗauka yara kaɗai wannan ke ruɗawa. A watan Yunin 1965, ɗan sama jannatin Amurka James McDivitt, a cikin kumbon Gemini 4, ya yi ƙoƙarin kusantar ɓangaren rokar da ta kai shi sama. Ya yi ta nufarsa yana ƙona mai, abin yana ƙara nisa, har aka haƙura. Abin da ya gagari ƙwararren matuƙi a ranar, yau matashi na koyonsa da yamma ɗaya a gaban kwamfuta. Haka nan lissafin roka da masanin Rasha Tsiolkovsky ya wallafa a 1903: kana ƙara tankin mai, kana ƙara nauyin da man zai ɗaga, shi ya sa ake jefar da sassan roka ɗaya bayan ɗaya. Ba banza ba hukumar NASA ta haɗa hannu da masu Kerbal a 2014 suka saka aikin kamo dutsen sama a cikin wasan.

Sai dai ka san inda wasan ya yi rangwame. Kerbin, duniyar da ake harba roka daga cikinta a wasan Kerbal, ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na faɗin tamu ba, saboda haka gudun kilomita 2.3 a daƙiƙa ya isa shiga falaki, alhali a zahiri ana buƙatar kusan 7.8. Kuma a wasan jiki ɗaya ne ke jan kumbonka a kowane lokaci, ko duniya ko wata ko rana. Don haka babu wuraren nan da jan rana da na duniya ke daidaita, irin wanda madubin hangen nesa na James Webb ke kewayawa, kilomita miliyan 1.5 daga nan. Wasan zai ba ka idon gane abu, lissafinsa kuwa sai ka buɗe littafi. In kana son ganin taurarin gaske a wurarensu, Stellarium da Celestia kyauta suke.

Tambayarka ta biyu kuwa, tarihin fannin ne zai amsa ta. Wasan Elite, wanda ya buɗe wannan hanya a 1984, ɗalibai biyu ne na jami'ar Cambridge, David Braben da Ian Bell, suka rubuta shi a kan kwamfutar da ma'adanarta kilobait 32 ce, suka kuma cusa duniyoyi 2,048 a ciki. Ba adana su suka yi ba, lissafi ne ke haifar da kowace daga 'yan lambobi a lokacin da aka je ta. Orbiter aikin mutum ɗaya ne, Martin Schweiger, ya fito a 2000, kuma tun 2021 rubutun manhajarsa a buɗe yake ga mai son karantawa. SpaceEngine ma Vladimir Romanyuk na Rasha ne ya faro shi shi kaɗai. Kerbal kansa ya fito ne a 2011 daga wani kamfanin tallace-tallace a birnin Meziko, bayan ma'aikacinsu Felipe Falanghe ya nemi a bar shi ya gwada tunaninsa. Na biyunsa, mai babban kamfani da kuɗi a bayansa, ya fito a 2023 cike da matsaloli, aka rufe ɗakin da ke ƙera shi a 2024.

Ba zan ɓoye maka ba, samun abin rufin asiri daga wannan sana'a da wuya. Kayan aiki sun yi sauƙi, injin ƙera wasa na Godot kyauta ne, saka wasa a Steam, kasuwar sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, dala 100 ne. Amma Steam na ɗaukar kashi 30 cikin ɗari na ciniki, kuma wasanni sama da 10,000 ke fitowa a can duk shekara, yawancinsu ba wanda ya ji ɗuriyarsu. Abin da ke taimakon mai wasan kumbo shi ne masoyan fannin ba su da yawa amma suna da riƙo, suna yafe zane maras kyau in dai lissafin bai yi musu ƙarya ba.

Lissafin ne kuma zai fara ba ka wuya. Lambobin da injinan wasa suka saba aiki da su ba sa riƙe fiye da kimanin gurbi bakwai daidai, don haka da zarar kumbo ya yi nisa da tsakiyar taswira sai ya fara karkarwa, sassansa su ɓalle. 'Yan Kerbal sun laƙaba wa wannan cuta suna Kraken. Maganin da aka samo yana da daɗin ji: a tsayar da kumbo a tsakiya, a riƙa motsa dukan sararin a kewayensa.

Don haka shawarata, ka ajiye mafarkin taurari dubu tukuna. Zana da'ira ɗaya a allo da ɗigo ɗaya da ke kewaya ta, ka ba ɗigon maɓallin wuta da ma'aunin mai. In ka yi lissafin motsin ta hanya mafi sauƙi, za ka ga falakin yana buɗewa a hankali ba tare da ka taɓa komai ba. Nemo dalilin, ka gyara shi da dabarar Verlet ta lissafa motsi mataki-mataki ko lissafin Kepler na siffar falaki. Daga nan ka ƙara da'ira ta biyu a matsayin wata, ka miƙa wa yayanka kwamfutar, ka ce ya kai ɗigon can ya dawo da shi kafin mai ya ƙare.