Ba Zuma Ce Za Ta Gyara Maka Murya Ba

Wai me za ka sha muryarka ta daina dashewa in ka ɗaga ta. Tambayar yaran yanzu ke nan, kowa magani yake nema, ba mai son wahala. Sha zumarka da citta da kanumfari in kana so, za ka ji daɗin maƙogwaro, amma matsalarka numfashi ce. Ina kallonka in ina waƙa kana yi mini amshi, jijiyoyin wuyanka a miƙe, kafaɗunka na tashi duk sanda ka ja iska.

Irin wannan ce ta jawo mini asarar da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Wani ɗan kasuwar Kantin Kwari ya ɗauke mu wasan bikin 'yarsa a Fagge, cikin hunturu. Ya ba da rabi kafin alƙalami, ciko sai an tashi. Babban ɗan amshina ya tafi garinsu gaisuwar mutuwa, aka kawo mini wani yaro daga situdiyon Zoo Road ana ta zuzuta shi. Murya da zaƙi, ban musa ba, amma bai taɓa waƙa ba sai a rufaffen ɗaki, baki a kan makirfo, kwamfuta na gyara masa duk inda ya kauce. Muna tsakiyar wasa janareta ya mutu. Kalangu ba ya jiran wuta, muka ci gaba. Da yaron ya ga ba a jin sa sai ya koma ihu, ga ƙura, ashe kuma ya kwana busa shisha. Kafin mu sauke waƙar ango muryarsa ta tsage, sauran 'yan amshi suka rikice, na rage ni kaɗai ina jan baiti ba mai karɓa.

Uban amarya ya samu abin da yake nema. Wai mun kunyata shi gaban surukansa, alhali janaretan nasa ne. Ya riƙe cikon, yaransa suka tattare kuɗin liƙi da sunan za su ƙirga mana, ko sisi ban gani ba. Na yi ta sintiri shagonsa, kullum Alhaji ya fita. Babur ɗina na sayar na sallami makaɗa, don ni ban taɓa cin gumin yaro ba. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

To buɗe kunnenka. Kwanta rigingine, ɗora hannu kan cibiya, ja iska har hannun ya tashi ƙirji na zaune, sannan ka sake ta kaɗan-kaɗan ta tsakanin haƙora. In ya zauna maka, yi shi a tsaye. Daga nan ƙarfin murya ke fitowa. Kafin wasa kuma rufe baki ka yi ta gunji ƙasa-ƙasa har ka ji leɓɓanka na rawa, kana hawa a hankali. Bin kiɗa da haddar baiti ba zan ɓata bakina a kansu ba, wanda bai iya ba ya nemi wata sana'a.

In ta dashe, yi shiru, ka yawaita shan ruwa. Kada ka yi raɗa, ita ma gajiyar da murya take yi, haka yawan kakari. In ta wuce mako 3 ba ta dawo ba, tafi Asibitin Malam Aminu Kano ka ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Shisha kuwa, ranar da na ji warinta a jikinka ka bar bayana.