Tambaya da Amsa: Saita Tura Kira da Miƙa Kira a Akwatin Wayar Intanet

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan ƙaramin akwatin nan da ake jona wayar tebur a jikinsa, shi kuma ya haɗa ta da intanet, wanda masu sana'a ke kira ATA ko getwe. Yawancin waɗanda suka rubuto suna amfani da Grandstream samfurin HT ne, don haka lambobin da za mu kawo nasa ne. Mai wani samfurin ya duba littafin na'urarsa, domin lambobin sukan bambanta.

TAMBAYA: Ina da shagon magani, na sa HT802. Nakan buga *72 da lambar wayata ta hannu domin kira ya biyo ni gida. Da rana na gwada ya yi aiki, amma da dare masu kira suna cewa layin ba ya shiga sam. Ina matsalar take? Daga wani mai kemis a Kano.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Kafin komai ka tambayi kanka: idan ka rufe shago, akwatin da rautar suna kunne, ko suna mutuwa tare da fitilun shago? Kusan nan amsar take.

Umurnin tura kira yana iya zama a ɗayan wurare biyu: cikin akwatin da ke shagonka, ko a saba, wato babbar kwamfutar kamfanin da ya ba ka layi. A shafin saitin akwatin akwai wurin da aka rubuta "Enable Call Features". Idan yana kan Yes, akwatin ne ke riƙe *72 ɗinka, kamfanin bai ma san ka buga ba. Kira ya zo, saba ta aiko wa akwatin, shi kuma ya mayar mata da saƙon da ake kira 302, wato a nemi mai layin a lamba kaza. Kamar maigadi ne a ƙofar gida da ke gaya wa baƙo inda maigida ya koma: in maigadin ba ya nan, baƙo sai dai ya juya. Da ka kashe janareta ko aka ɗauke wuta, babu mai bayar da wannan amsa.

Gyaran da muka fi so shi ne ka mayar da umurnin wurin kamfanin. Shiga shafinka na intanet a wurinsu, ko ka kira su, ka ce su sa tura kira na lokacin da ba a samu na'urarka ba. Wannan yana aiki ko akwatinka a mace yake. Idan kana so ka ci gaba da kunnawa da kashewa daga wayar tebur, to ga hanya. Fara buga *73 ka soke wanda ke cikin akwatin. Sannan ka ɗaga waya ka buga *** (tauraro uku) sai 02, murya za ta karanta maka adireshin IP na akwatin. Rubuta shi a burauzar kwamfutar da ke kan rauta ɗaya da shi, ka shiga da kalmar sirri, wadda a sababbin samfura tana kan takardar da aka manna a ƙasan akwatin. Je shafin ƙofar FXS ɗin da wayar ke ciki, ka mayar da "Enable Call Features" kan No, ka danna Apply. Daga nan duk lambar tauraro da ka buga za ta wuce kai tsaye zuwa saba. Sai ka tambayi kamfanin lambobin da su suke ganewa, don ba dole ne su zama iri ɗaya da na akwatin ba.

In kuwa ka fi son ya zauna a akwatin, sai ka ba shi wuta dare da rana. HT801 da HT802 bolt 5 suke ci ta ƙofar USB, fawa bank ma na iya riƙe su. HT814 bolt 12 yake so. Kada ka manta da rauta: akwati mai wuta ba intanet daidai yake da matacce.

Tun da muna kan batun, tura kira iri uku ne a akwatin. *72 yana tura kowane kira, *73 ya soke. *90 yana turawa idan kana kan layi, *91 ya soke. *92 yana turawa idan ba a ɗauka ba, *93 ya soke. Bayan lambar tauraron sai lambar da za a tura wa, sai #. Na ukun nan yana jiran sakan 20 a saitin asali, wato wayar ta yi ƙara sau uku zuwa huɗu. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami: idan kamfanin ya saita akwatin saƙon murya ya ɗauki kira bayan sakan 15, naka na sakan 20 ba zai taɓa samun dama ba. Rage "Delayed Call Forward Wait Time" ya yi ƙasa da na kamfanin.

Ka kuma sani cewa kuɗin kiran daga layin shago zuwa wayarka ta hannu a kanka yake, ba a kan mai kira ba, don haka idan kuɗin layin ya ƙare turawar ta tsaya. Kuma kada ka saita wayar hannun ta mayar da kira shago idan ba ka ɗauka ba, kira zai yi ta zagaye tsakanin layukan biyu.

TAMBAYA: Ni ce mai karɓar baƙi a wani asibiti mai zaman kansa. Muna da HT814 da wayoyi huɗu. Idan na danna maɓallin R domin in miƙa kira ga ɗakin likita, babu abin da ke faruwa. Wani lokacin kuma ina ajiye waya sai ta sake ƙara, in ɗauka in ji mutumin da muka gama magana da shi. Daga Zariya.

AMSA: Malama, matsalolin nan biyu uwarsu ɗaya. Maɓallin R, wanda a wasu wayoyin aka rubuta Flash, abin da yake yi shi ne ya katse layin na ɗan ƙanƙanin lokaci. Akwatin yana auna tsawon katsewar. A saitin asali, abin da ya faɗa tsakanin milisakan 300 da 1100 shi yake ɗauka a matsayin Flash. Abin da bai kai 300 ba sai ya yi watsi da shi, abin da ya haura 1100 kuma ya ce an ajiye waya. Wayoyi da yawa da aka ƙera domin kasuwar Turai milisakan 100 kawai suke katsewa, na Amurka kuwa wajen 600. Da alama taki ta farkon ce.

Juya wayar ki duba ƙasanta ko gefenta. Sau da yawa akwai ɗan makunni mai lambobi 100, 300, 600. Tura shi kan 600, shi ke nan. In babu shi, a shiga saitin akwatin a nemi "Hook Flash Timing", a rage na ƙasan zuwa 80. Kada a sauka fiye da haka, domin ɗan motsin kan wayar a mazauninsa zai riƙa jefa mutane cikin jira ba da niyya ba.

Ƙarar da ke dawo miki kuwa, saurin hannu ne. Idan kika danna mazaunin waya da yatsa kika saki kafin sakan ɗaya domin ki yi wani kiran, akwatin ya ɗauka Flash kika yi, ya ajiye mutumin farko yana jira. Da kin ajiye sai ya buga miki don ya tuna miki da shi. Ki riƙe mazaunin sakan biyu cikakku. Ana kuma iya rage na saman daga 1100 zuwa 800.

Miƙa kira iri biyu ne. Na farko: danna R, ki ji sautin layi, buga *87 da lambar ɗakin likita, sai #, ki ajiye. Kiran ya tafi, ko an ɗauka ko ba a ɗauka ba. Na biyu: danna R, buga lambar ɗakin ba tare da *87 ba, jira likita ya ɗauka, ki gaya masa wanda ke kira, sannan ki ajiye wayarki, su biyun su haɗu. In bai ɗauka ba, danna R ki koma wurin mai kira. A asibiti na biyun muke ba da shawara, don bai kamata a jefa mara lafiya ko ɗan'uwansa layin da babu kowa ba. Ki kiyaye abu ɗaya: bayan likita ya ɗauka, ajiyewa ce ke kammala miƙawar. Idan kika sake danna R, ku uku kuka haɗu a layi ɗaya, kina jin abin da ba naki ba ne ki ji.

Idan duk an yi wannan kira yana yankewa daidai lokacin da kika ajiye, to sabar ce ba ta karɓar saƙon miƙawa da ake kira REFER. Wannan sai mai kula da sabar.

TAMBAYA: Idan na kira banki na'ura ta ce in danna 1 ko 2, ina dannawa amma kamar ba ta ji ba. Daga wani ɗan kasuwa a Gusau.

AMSA: Malam, a nemi wurin da aka rubuta "Preferred DTMF method". Hanyoyi uku ne na aika lambar da aka danna: cikin murya, ta RFC2833, ko ta SIP INFO. Sa RFC2833 a farko, ka bar lambar "payload" ɗinsa kan 101, shi yawancin kamfanoni ke karɓa. Aikawa cikin murya tana lalacewa idan ana amfani da tsarin ɗaukar murya na G.729, saboda yana matse murya zuwa kilobit 8 a sakan, sautin maɓalli ya fita a murguɗe. Tsarin PCMA da PCMU masu kilobit 64 ba sa ɓata shi, sai dai sun fi cin data: kusan megabait 1.2 a minti, zuwa da dawowa, inda G.729 ke cin kimanin kilobait 360. Idan kuma ka danna 1 na'ura ta ji 11, lambar tana tafiya ta hanya biyu a lokaci guda, sai a kashe ɗaya.

TAMBAYA: Na haɗa wa wani otal FreePBX, wato sabar wayoyin cikin gida, da akwatunan HT. Na saita *90 domin kira ya koma waya ta biyu idan ta farko na kan layi, amma ba ya komawa, sai dai mai magana ya riƙa jin ƙaramin sauti a kunnensa. Daga wani mai haɗa na'urori a Kaduna.

AMSA: Ɗan'uwa, sautin nan alamar kira mai jira ne, kuma muddin yana kunne akwatin ba ya ɗaukar kansa a matsayin wanda ke kan layi, tunda yana da gurbin kira na biyu. Sai an kashe shi *90 zai yi aiki. A akwatin, *50 ke kashe shi gaba ɗaya, *51 ya dawo da shi.

Amma tun da akwai FreePBX, kashe "Enable Call Features" a dukkan akwatunan, ka bar saba ta riƙe komai. Dalili: lambobin suna karo. A akwatin *70 kashe kira mai jira yake yi na kira ɗaya, a FreePBX kuwa *70 kunna shi yake yi, *71 ya kashe. Tura kiran da ba a ɗauka ba *92 ne a akwatin, *52 a FreePBX. In ka bar duka biyun a kunne, wata rana za ka duba saba ka ga komai daidai alhali wani ma'aikaci ya sa umurni cikin akwati, ka yi ta nema ba ka gani ba. Ma'aikatan za su iya miƙa kira da ## ko *2 a tsakiyar magana, ba sai sun taɓa R ba, in dai DTMF na kan RFC2833.

TAMBAYA: In na gama buga lamba sai wayar ta yi shiru na ɗan lokaci kafin kira ya fita. Daga Bauchi.

AMSA: Akwatin bai san ka gama ba, yana jiran sakan 4 ko za ka ƙara lamba. Danna # a ƙarshe kira ya fita nan take. Ko ka koya masa tsawon lambobin Najeriya a wurin "Dial Plan":

{ <0=234>[789]xxxxxxxxx | <0=234>20x+ | 2xx | 112 | *x+ }

Kashin farko yana gane lambar wayar hannu mai lamba 11, ya cire sifilin gaba ya sa 234. Idan kamfaninka na karɓar lamba da sifilinta, rubuta 0[789]xxxxxxxxx kawai. Na biyu na wayoyin tebur ne masu farawa da 020, 2xx na ɗakunan cikin gida. Kada ka goge *x+, in ba haka ba lambobin tauraro ba za su isa saba ba. Wannan tsarin bai bar ƙofar 00 ba, don haka babu mai kiran ƙasar waje daga wayar. Batun 112 kuma, tambayi kamfanin ko suna isar da shi kafin ka dogara da wannan layin ranar gaggawa.

TAMBAYA: Wayarmu tana ƙara tsakar dare, ta nuna 100 ko 1000, in an ɗauka shiru. Kiran gaske kuma wani lokacin ba ya shigowa sai mun kashe akwatin mun kunna. Daga wata malamar makaranta a Sakkwato.

AMSA: Malama, kiran daren nan ba mutum ba ne. Manhajoji ne da ke yawo a intanet suna ƙwanƙwasa ƙofa ta 5060, suna neman na'urar da za su sace layinta su yi kiran ƙasashen waje da kuɗin mai ita, don haka kada a ɗauke shi wasa. A saitin akwatin a mayar da "Allow Incoming SIP Messages from SIP Proxy Only" da "Check SIP User ID for incoming INVITE" kan Yes. A duba rauta, idan wani ya buɗe 5060 zuwa akwatin ko ya sa shi a DMZ, saitin da ke barin na'ura a buɗe ga intanet, a rufe. A canza kalmar sirrin akwatin da ta layin.

Kiran da ba ya shigowa kuwa, rauta ce ke mance hanyar da za ta mayar da saƙo ga akwatin idan an daɗe ba a yi magana ba, kuma abin ya fi yawa a rautocin da ke amfani da layin wayar hannu. Kashewa da kunnawa na gyara shi na ɗan lokaci saboda akwatin ya sake yin rajista. Sa "NAT Traversal" kan Keep-Alive, wanda ke aika ɗan saƙo duk sakan 20, a rage "Register Expiration" daga minti 60 zuwa 2 ko 3. A cikin rauta a nemi SIP ALG a kashe shi: shi ne kuma yakan jawo kira ya yanke a daidai sakan 32, ko ɓangare ɗaya ya ji ɗayan bai ji ba. Kafin a taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan, ɗaga wayar ki buga *79, domin idan wani yaro ya taɓa danna *78, akwatin yana mayar da kowane kira ne bisa umurnin kada a dame shi.