Tambaya da Amsa: Awa Nawa Ne Daga Bauchi Zuwa Madina a Jirgi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mahaifiyata ce Allah ya nufa da zuwa hajji bana, kuma ko Abuja ba ta taɓa zuwa a jirgi ba, ga ciwon gwiwa ga suga. Kawuna ya ce tafiyar awa huɗu da rabi ce, wata maƙwabciyarmu kuma ta rantse ta kusa awa bakwai kafin suka sauka, shi ne hankalin tsohuwa ya tashi. Don Allah wanne ne gaskiya? Daga mai karatu a Yelwa, Bauchi.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa Mama ta yi karɓaɓɓe. Gaskiya dukkansu ba wanda ya yi ƙarya.

Daga filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Balewa zuwa Madina kusan kilomita 3,500 ne in jirgi ya miƙe, Jidda kuma wajen 3,400. Manyan jiragen alhazai suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa ɗaya, in ka haɗa da tashi da sauka sai ka samu awa huɗu da rabi zuwa biyar, to ka ga maganar kawu kenan.

Ita kuwa maƙwabciya ina kyautata zaton agogo ne ya ruɗe ta, don Saudiyya tana gabanmu da awa 2, in kun tashi Bauchi ƙarfe 11 na dare za ku sauka wajen 3:30 a agogonmu amma wayarka tana kama sabis ɗin can sai ta nuna 5:30, mutum ya ɗauka ya yi awa shida da rabi a sama alhali bai yi ba. Akwai kuma maganar Sudan. Da yaƙi ya ɓarke can a Afrilun 2023 an rufe sararin samaniyarsu, hanyarmu kuma ta kansu take bi, dole jirage suka riƙa zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo sosai. In a waccan shekarar ta 2023 ta je, to da gaske ta daɗe.

Amma ni abin da ya fi damuna game da Mama ba zaman jirgin ba ne, zaman jira ne a sansanin alhazai da layin tantancewa, wanda wani lokacin ya fi tafiyar kanta daɗewa. Na taɓa ganin wata tsohuwa tana rawar jiki a layi, ashe maganinta na suga yana cikin babbar jaka, jakar kuma ta riga ta wuce awo, wallahi har yau abin yana raina. Don haka maganin Mama da takardar likita su zauna a jakar hannu, da 'yan dabino ko biskit. Ku gaya wa jami'an hukumar alhazai tun da wuri tana bukatar keken tura marasa lafiya, ku roƙa mata kujerar bakin hanya yadda za ta riƙa miƙe ƙafa tana ɗan takawa in an kashe fitilar ɗaura bel. Lokacin shan magani kuma ta tambayi likitanta kafin tafiya, saboda awa biyun nan.