Tambaya da Amsa: Wace ce Wangari Maathai, kuma ta yaya za mu karrama ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar firamare, kuma mun ji cewa an keɓe ranar 3 ga Maris ta kowace shekara don tunawa da Wangari Maathai. Wace ce ita, kuma ya dace mu fito da yara mu dasa itatuwa a ranar? Daga wata malama, Argungu, Jihar Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Wangari Maathai masaniyar kimiyyar halittu ce 'yar ƙasar Kenya, wadda aka haifa a 1940, ta rasu a 2011. Ita ce mace ta farko a gabashi da tsakiyar Afirka da ta sami digirin digirgir, a Jami'ar Nairobi a 1971, kuma mace ta farko daga Afirka da ta karɓi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya, a 2004. Tarayyar Afirka ce ta haɗa sunanta da wannan rana a 2012.

Aikinta ya samo asali ne daga kukan matan karkara, waɗanda itacen girki ya yi musu nisa, ƙoramu suka ƙafe, zaizayar ƙasa ta cinye musu gonaki. Kukan da kowace mace a ƙaramar hukumar Arewa ko ta Dandi a Jihar Kebbi ta sani. A 1977 ta kafa ƙungiyar Green Belt Movement, aka fara da itatuwa bakwai a Nairobi, kuma kafin ta karɓi Nobel an dasa fiye da miliyan 30. Ta sha wuya a kan haka, domin a 1999 an fasa mata kai lokacin da take kare dajin Karura da ke Nairobi daga masu son yanka shi filaye. Abin da na fi so ki riƙe shi ne tsarinta: matan da kansu suke renon tsirrai, kuma ɗan kuɗin da ake ba su ya danganta ne da yawan dashen da ya rayu.

Saboda haka ban ba ki shawarar dashe a ranar ba. Maris a Kebbi farkon bazara ne, ƙasa ta bushe, awaki suna yawo, kuma mun sha ganin dashen biki ya mutu kafin mako ya zagayo, abin da ke sa yara su ɗauka aikin wasa ne. Ki mai da ranar ta zama ta buɗe wurin reno a inuwa kusa da rijiya, yara su cika ledoji da ƙasa da taki, su shuka irin tsamiya, ɗorawa, zogale da gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero hasken rana. Idan damina ta kankama a watan Yuli sai a dasa, a kewaye kowane da ƙaya, a damƙa shi ga ɗalibi guda da zai shayar da shi har ya ƙetare rani. A Maris mai zuwa ku ƙidaya waɗanda suka rayu, ku ba masu su kyauta a gaban iyayensu.