Iska ta yaye kwanon, kafinta ya daina ɗaga waya

Tambaya: Barista, na ba wani kafinta jingar rufin gidana a Kano, na biya shi kaf. Iskar farkon damina ta yaye kwanon, wani falle ya fasa gilashin motar maƙwabcina. Ashe ba shi da lasisi, ba shi da inshora. Ina so 'yan sanda su kama shi ya dawo min da kuɗina duka.

Amsa: Alhaji, Allah Ya mayar da alheri. Ban ga rufin ba, ban kuma ji ta bakin kafintan ba, don haka abin da zan faɗa yana iya sauyawa.

Ka ajiye batun 'yan sanda tukuna. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Da ya karɓi kuɗin ya gudu bai buga ko ƙusa ɗaya ba, da ana iya maganar zamba. Wannan kuwa ya yi aikin, aikin ne ya lalace. In ka sa aka tsare shi, kai ma yana iya maka ka a kotu.

Rashin lasisin ma ba zai yi maka amfanin da kake zato ba. Injiniyoyi ne ke rajista da hukumarsu ta COREN, ƙwararrun magina kuma da tasu hukumar, CORBON. Kafintan unguwa galibi da sunan maigidan da ya koya masa yake cin abinci. Kotu za ta duba abin da kuka yi alkawari a kai da yadda aka yi aikin. Yarjejeniyar baka tana aiki, sai dai tabbatar da ita ke da wuya. Wa ya sayo kwanon da katakon? In kai ka zaɓi kwano mara kauri don sauƙin kuɗi, zai faɗa, kuma za a saurare shi. Zai kuma ce iska daga Allah take. Nan sai a duba ko rufin maƙwabta ya tsaya. Ko ka yi nasara, da wuya a ba ka kuɗinka duka; kuɗin gyara da asarar da ka nuna ake lissafawa.

Inda rashin inshorar ke cizo shi ne wajen biya. Hukunci a kan mutumin da jarinsa guduma da zarto takarda ce kawai. Maƙwabcinka ma ƙofarka zai ƙwanƙwasa. A ƙa'ida ba a cika ɗora wa mai gida laifin ɗan jinga ba, amma akwai togaciya, kuma ba zan ce ka tsira ba.

Hotuna, rasit, shaidar tura kuɗi da kiyasin gyara daga wani kafintan, waɗannan ba sai na faɗa ba. Daina ɗaga waya da ya yi bai kyauta ba, amma ka bi ta hannun maigidansa ko shugaban ƙungiyarsu, ku zauna gaban mai unguwa tare da mai motar, a rubuta a sa hannu. In ya ƙi zuwa, akwai cibiyar sasanci ta babbar kotun Kano kafin a kai ga shigar da ƙara.