Tambaya da Amsa: Wata huɗun SIWES, riba ne ko ɓata lokaci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya gama shekarar farko ta difloma a fannin lantarki, an ce ya nemi wurin yin SIWES, wato shirin tura ɗalibai wuraren aiki su koyi aiki a aikace. Abokansa na ba shi shawarar ya samu mai sa masa hannu a takardun shirin ya zauna a gida. Anya zuwan zai amfane shi? Daga wani uba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zai amfane shi ƙwarai. Hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF mai hedikwata a Jos ce ta ɓullo da shirin a 1973, domin masu masana'antu na kukan ɗalibai na fitowa da takarda amma hannu bai san aiki ba. Mai difloma wata huɗu yake yi, ɗalibin jami'a kuwa galibi shida.

Wajen zaɓen wuri aka fi yin kuskure. Yara na rububin manyan ofisoshi saboda suna, sai su ƙare da aike da ɗaukar fayil. Ga mai karatun lantarki, gara shagon masu haɗa sola, ko masu naɗin kwayil, ko ɗan kwangilar wayarin gidaje. Ku je tare ku tambaya: wa zai riƙa koya masa, ɗalibai nawa ke hannunsa, kuma za a bar shi ya riƙe kayan aiki? In ɗalibai ashirin ne a kan ma'aikaci ɗaya, kallo kawai zai sha.

Da an karɓe shi, ya kai wa makaranta takardar amincewa, don malamin da zai zo duba shi ya san inda yake. Logbuk kuma, wato littafin da ɗalibi ke rubuta ayyukansa, kullum ake cika shi: aikin da aka yi, kayan da aka yi amfani da su, matsalar da ta taso da yadda aka gyara, har da zane. Mai kula da shi ya sa hannu duk mako. Wanda ya bari sai ƙarshe ya kwafi na wani, ranar kare rahoto tambaya biyu ke tona shi.

Ku tanadi kuɗin mota da na abinci, kada ku dogara da alawus. A saya masa takalmi mai kaurin ƙasa da testa, a kuma ja masa kunne: kada ya taɓa waya sai ya kashe layi ya gwada da kansa, ko da an ce masa babu wuta.